Mita ɗaya kacal yake buƙata

Rubutun yau zai yi tsawo, ku yi mini haƙuri. Mai sauri ya wuce, in ya samu sarari ya dawo ya karanta.

Yau shekara biyu cif da rasuwar wani ƙanena. Ba uwarmu ɗaya ba, ba ma garinmu ɗaya ba, keke ne ya haɗa mu. Ba zan faɗi sunansa ba, domin mahaifiyarsa na raye kuma ban nemi izininta ba. Waɗanda suka san ni a nan Badagry sun san wanda nake nufi. Yana da shekara 23 mota ta banke shi ta baya a kan babban titin Legas zuwa Badagry, bayan sallar magariba, direban bai ko taka birki ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Da safen nan na buɗe sito zan ɗauko wani abu, sai na yi kiciɓis da kekena a jingine. Sarƙar ta yi ja wur saboda tsatsa, tayoyin duk sun sace. Na daɗe a tsaye ina kallonsa. Da yaron nan yana raye ya ga keken a haka, wallahi sai ya yi mini faɗa kamar shi ne babba.

Ni mutumin Jos ne. A kan Raleigh ɗin mahaifina na koyi keke, irin hawan nan da yaro ke zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfe saboda bai kai sirdi ba. Bayan na gama jami'a na kama aiki, albashina na uku na tattara na sayi keken hawan dutse na gwanjo. Ga wanda bai san shi ba, keke ne mai faffaɗar taya mai haƙora, ga giya da yawa, ga shoka a gaba da ke shanye gargada. Asalinsa daga jihar Kalifoniya ta Amurka ne, inda a shekarun 1970 wasu samari suka riƙa gyara tsofaffin kekuna suna gangarowa da su daga kan duwatsu. Wasa-wasa abin ya bunƙasa, har a 1996 aka shigar da shi gasar Olamfik a birnin Atlanta.

Wanda ya san Jos ya san Allah Ya yi ƙasar don irin wannan keke. Garin kansa yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, duwatsun Shere kuwa sun haura mita 1,800. Ranar Asabar bayan asuba, sanyi na ratsa ƙashi, mukan bi ta wajen Lamingo mu kama hanyar makiyaya, mu zagaye tsofaffin kududdufan haƙar kuza, mu hau har inda numfashi ya ƙare. Hawan yana da wuya, amma gangarowar ce makaranta. Ka ja jikinka baya, kada ka damƙe birkin gaba da ƙarfi sai ka wuntsila, kuma kada ka zuba wa dutsen da kake tsoro ido. Inda idonka ya kalla nan keken zai nufa. Na sha faɗuwa kafin na gane haka, tabon yana nan a gwiwata.

Sai aiki ya yi kira, aka yi mini canji zuwa Badagry. Duk ma'aikacin gwamnati ya san ba a musu da takardar canji. Na ɗaure kekena a saman mota na taho gaɓar teku, inda ko tsaunin tururuwa sai an nema. Ƙasa shimfiɗe, yashi, bishiyoyin kwakwa iya ganinka, ruwa ta ko'ina. Zaman bakin teku yana da daɗinsa. Kifi ɗanye da sassafe, iska mai laushi da yamma, ga mutanen Egun masu haƙuri da baƙo. Amma yana da nasa haraji. Iskar nan mai daɗi gishiri take ɗauke da shi, kuma ba ta raga wa ƙarfe. Kwanon rufi, kwaɗon ƙofa, ƙarƙashin mota, duk sai sun ci tsatsa. Da damina kaya sai su kwana biyu a igiya ba su bushe ba, takalmin da ka ajiye mako guda ka tarar ya yi funfuna. Wata uku da zuwana giyar kekena ta daina shiga.

Neman mai gyara ne ya kai ni wurinsa. Yana da 'yar rumfa a gindin bishiya kusa da kasuwa, da famfo, da kwanon ruwan faci, da akwatin sifanu. Daga wani ƙauye a ƙasar Katsina ya zo ci-rani, ci-rani ya zama zama. Ya juya keken, ya murza feda da hannu, ya saurara kamar likita, sai ya ce, “Yallaɓai, ba lalacewa ya yi ba, gishiri ne. Nan ba Arewa ba ne. In ka dawo daga hawa ka wanke shi da ruwan rijiya, ka goge ya bushe, sannan ka sa mai. In ka bar shi ya kwana da gishiri, ka ba teku kyauta.”

Da ya gama sai ya ce in ba shi dama ya ɗana. Ya hau, ya ɗaga tayar gaba ya tafi a haka har ƙarshen layi ya juyo yana dariya. Daga ranar muka ƙulla. Daga baya shi ma ya haɗa nasa, gangar jikin 'yar Kwatano, sauran kayan kuwa tsince-tsince ne, wannan daga nan wancan daga can. Amma ba ni da ƙarfin da zan kamo shi a hanya.

Shi ya koya mini cewa yashi ma dutse ne a wani salon. Ka rage iskar taya don ta baje, ka sa giya mai sauƙi, kada ka tsaya da murzawa, in ka tsaya ka nutse. Ka jira lokacin da teku ya janye, ka bi ta kan jiƙaƙƙen yashin da ya daskare, nan keke ke gudu kamar a kwalta. Ranar Lahadi mukan ɗora kekunan a kwalekwale mu tsallaka Gberefu, mu bi hanyar nan da aka riƙa kora bayi a kai su bakin jiragen ruwa, mu fito bakin teku. Ranar farko da na ba shi tarihin wurin sai ya sauka daga keken ya tura shi da hannu har muka fita. Ya ce bai kamata a wuce nan a guje ba. Yaron da bai gama sakandare ba ke nan.

Tun yana ce mini Yallaɓai har ya koma ce mini Yaya. Kullum maganarsa ɗaya ce: “Yaya, yaushe za ka kai ni Jos in ga duwatsun nan naka?” Ni kuma kullum amsata ɗaya: bari in samu hutu, bari a yi albashi, bari a wuce sallah. Sau uku ina samun hutun. Ban kai shi ba.

Ranar da abin ya faru ya je wajen Agbara sayo kayan gyara. Kuɗin mota ya yi tsada, ga keke a hannu, sai ya hau abinsa. A hanyar dawowa duhu ya fara, yana can gefen titi inda ya saba bi. Waɗanda suka gani sun ce motar ta fito ne daga layinta tana neman wuce wata, ta kwashe shi. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

A wurin zaman makoki na ji magana iri biyu. Ta farko, kwanansa ne ya ƙare. Wannan gaskiya ce, na yi imani da ita, babu mai ƙara wa wani daƙiƙa. Ta biyun ita ce ta tsaya mini a rai har yau. Wani bawan Allah, da kyakkyawar niyya ma, ya ce, “To shi ma me ya kai shi hawa keke a wannan titin?” Jama'a suka gyaɗa kai. Ba wanda ya tambayi me ya kai direban gefen titi, ba wanda ya tambayi me ya hana shi tsayawa. Wato a tunaninmu titi na mai mota ne, mai keke kutse ya yi, in an take shi shi ya jawo.

A nan ne nake da ja. Imani da ƙaddara bai taɓa zama lasisin ganganci ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali yana tafiya ne tare da ɗaukar mataki, kuma kawar da abin cutarwa daga hanya ibada ce. In ɗan wani babba aka banke, ba za mu tsaya a “kwanansa ne ya ƙare” ba, sai an nemo motar ko tana ramin kura. Ashe mun san bambanci tsakanin ajali da sakaci, sai dai muna zaɓar wanda za mu tuna wa.

Bari in ba ku labarin wani saurayi a Afirka ta Kudu, Burry Stander. Shi ma ɗan gaɓar teku ne, daga yankin Port Shepstone a lardin KwaZulu-Natal. Gwanin keken hawan dutse ne na gaske. A 2009 ya zama zakaran duniya na 'yan ƙasa da shekara 23. Akwai wata gasa a ƙasarsu mai suna Cape Epic, ana yin ta kwana takwas a cikin duwatsu, mutum biyu-biyu. Shi da abokinsa Christoph Sauser ɗan Suwizalan suka cinye ta a 2011, suka maimaita a 2012. A gasar Olamfik ta Landan a 2012 ya zo na biyar a duniya. Duk duwatsun nan ba su kashe shi ba. Ranar 3 ga Janairun 2013 yana atisaye a kan titi a Shelly Beach, kusa da gida, wata ƙaramar bas ta haya ta buge shi ya mutu. Shekararsa 25.

Ranar da na fara karanta labarinsa ƙanena na tuna, don kusan abu ɗaya ne: matashi, keke, bakin teku, motar da ba ta ba shi wuri ba. Bambancin yana cikin abin da ya biyo baya. A can an kama direban, an kai shi kotu, an same shi da laifin kisa ta hanyar sakaci. Dubban masu keke suka fito tituna don tunawa da shi. Mutuwarsa ta ƙara wa masu fafutukar kare mai keke ƙarfi, kuma kafin ƙarshen shekarar lardin Western Cape ya fitar da ƙa'idar cewa duk direban da zai wuce mai keke dole ya bar aƙalla mita ɗaya tsakaninsu. A Birtaniya ma a 2022 an gyara ƙa'idojin hanya, aka ce a bar mita ɗaya da rabi, in ana gudu sosai a ƙara. Mita ɗaya fa, jama'a. Miƙa hannunka gefe, ka ƙara ɗan kaɗan, shi ke nan. Da direban nan ya bar wa ƙanena wannan, da ya isa gida ya yi sallar isha'i.

Mu a nan fa? Waɗanda suka manyanta za su tuna Cif Ojo Maduekwe, ministan sufuri a zamanin Obasanjo. A 2001 ya fito yana kira a rungumi keke, har shi da kansa yana hawa zuwa aiki a Abuja. Wata rana bas ta tura shi cikin kwalbati. Me muka yi? Dariya. Aka mayar da shi abin barkwanci a jaridu da majalisun shayi. Minista guda mota ta ture, darasin da muka ɗauka shi ne keke wauta ce. Sama da shekara 20 bayan haka, a gasar Olamfik ta Faris a 2024, Ese Ukpeseraye ta zama ta farko da ta wakilci Najeriya a tseren keke, amma sai da tawagar Jamus ta ara mata keken da ta shiga wani ɓangare na gasar da shi. Nan ma muka yi surutu na kwana biyu muka wuce.

Gaskiyar magana, mun raina keke ne saboda mun raina mai hawansa. A da, a ƙasar Hausa, malamin makaranta da malamin gona da ma'aikacin En'e da keke suke zuwa aiki, kuma ana girmama su. Ango ya sayi sabon Raleigh ko Phoenix gari ya ɗauka. Yau in ma'aikaci ya zo ofis a keke sai a fara raɗe-raɗin ko ya shiga wani hali. Ni kaina an sha tambayata, cikin tausayi, ko motata ce ta lalace. Direban da ya taso da wannan tunanin, in ya hango mai keke a gabansa ba ya ganin mutum, cikas yake gani.

Alhali kuwa zamani yana mayar da mu kan keken ko muna so ko ba ma so. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta taɓa haura 1,000. Ku duba titunan Kano da Zariya da Gusau da safe, ku ƙirga ɗalibai da leburori da ƙananan ma'aikata da ke kan keke. Ba motsa jiki suka fito ba, lissafi ne ya fito da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Ƙanena yana cikin wannan lissafin, ba a dai rubuta sunansa ba.

Yanzu ana manyan ayyukan hanya guda biyu da suka shafe mu kai tsaye. Akwai titin gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba mai kusan kilomita 700, akwai kuma wanda zai taso daga Sakkwato ya dire a nan Badagry, sama da kilomita 1,000. Ana ta muhawara kan kuɗinsu da wanda aka ba kwangila, kuma muhawarar tana da kyau. Amma ina so 'yan majalisarmu su ƙara tambaya ɗaya: a duk garin da ƙauyen da titin zai ratsa, ta ina mai keke zai bi, ta ina mai tallan nono za ta tsallaka? Ware masu ɗan layi da shinge tun ana zane ya fi sauƙi da arha a kan a dawo a fasa kwalta bayan an binne mutane. Titin da ya raba manomi da gonarsa, ya bar shi yana caca da ransa kullum safiya, bai gama zama ci gaba ba.

Na san abin da wasu za su rubuta a ƙasa, bari in riga ku. Za a ce masu keken ma ba su da gaskiya, suna bin hannun da ba nasu ba, suna yawo da dare ba fitila, suna faɗowa titi ba duba. Haka ne, na gani da idona, kuma dole a faɗa masu. Amma in mai keke ya yi kuskure shi ke mutuwa, in mai tirela ya yi kuskure wani ke mutuwa. Wanda ya fi ƙarfin yin ɓarna shi ya fi cancantar ɗaukar nauyi. Za a kuma ce ana fama da yunwa da rashin tsaro kai kana maganar keke, wannan ai damuwar 'yan boko ce. To ƙanena ba ɗan boko ba ne. Da faci yake ciyar da mahaifiyarsa da ƙannensa. Ranar da aka banke shi, gida guda aka jefa cikin yunwar da ake magana.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Na san kekensa ba shi da fitilar baya. Na san ba shi da hular kwano, ni ina da biyu. Na sha cewa zan ba shi ɗaya, kullum sai in manta ta a gida. Ban ce da ta hana abin da Allah Ya rubuta ba, amma da na sauke nawa nauyin. Kuma ni ɗin nan da nake rubutu, sau nawa ina cikin mota na makara zuwa ofis na matse mai keke da ham har ya sauka gefen kwalta? Sai da abin ya zo gidana na gane abin da nake yi wa 'ya'yan wasu.

Don haka roƙona kaɗan ne. Kai mai mota, mai bas, mai tifa, in ka hango mai keke ka ɗaga ƙafa daga totur, ka ba shi mita ɗaya. In babu wurin wucewa ka jira, daƙiƙa goma ba za ta hana ka arziki ba. In tsautsayi ya faru ka tsaya, ko ka kai kanka ofishin 'yan sanda mafi kusa in kana tsoron taron jama'a. Shugabannin tasha da na ƙungiyoyin direbobi, ku riƙa faɗa wa yaranku wannan, sun fi jin maganarku a kan ta kowa. Hukumar kiyaye haɗurra da majalisun jihohi, a rubuta tazarar nan a doka ƙarara, a sa ta cikin gwajin ba da lasisi. Limamai, huɗuba ɗaya a shekara kan haƙƙin hanya ba ta yi yawa ba. Kai kuma mai keke, ka bi hannunka, ka sa fitila gaba da baya, ka sa riga mai haske in dare ya yi. Wanda Allah Ya hore wa, in akwai yaro a unguwarku da ke zuwa makaranta ko aiki a keke, saya masa fitila. Kuɗinta bai kai na katin waya na mako ba. Kada ka ce sai gobe, ni na ce sai gobe.

Na fito da keken daga sito. Na wanke shi da ruwan rijiya, na goge, na sa mai kamar yadda ya koya mini, sarƙar ce dai sai an sauya. In Allah Ya kai mu hutun ƙarshen shekara zan ɗaure shi a saman mota in tafi Jos, in hau Shere ko da turawa ne, don yanzu gwiwa ta fara gardama. Akwai ƙaninsa da ya karɓi rumfar, na riga na gaya masa ya shirya, tare za mu tafi. Hular kwanon tana hannunsa tun jiya.

Ina roƙon ku sa ƙanena a addu'a. Allah Ya gafarta masa, Ya ba mahaifiyarsa haƙuri, Ya jiƙan dukkan waɗanda suka fita neman halali ba su dawo ba. Mu kuma Allah Ya tsare mu, Ya tsare mutane daga hannunmu. Amin.